Kawu da Sunayen da Ya Ƙwato daga Bakin Gara

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma, babba da yaro. Kawu ya amsa kira cikin daminar bana, wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa da ke Kurmin Sarki, ana yayyafi. Kafin a kai shi makwanci zaure ya cika. Tabarmin gida suka ƙare, aka aro na masallacin unguwa aka shimfiɗa a rumfar maƙwabta.

Ina cikin gida wajen mata, amma daga inda nake zaune ina jiyo maganar zaure. Tsofaffin da suka yi aiki tare da shi tun zamanin En'e, hukumar gargajiya ta da, su suka fara isowa, 'yan kaɗan da suka rage, kowa da sandarsa. Bayan an shafa fatiha sai na ji ɗaya daga cikinsu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, yanzu kuma wa za a tambaya?"

Umma mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Carbi take ja, in an ce mata ya haƙuri ta ce an gode Allah. Can sai ta juyo gare ni ta ce, "Ya dai huta da atishawa." Wasu mata suka dube ta kamar ta faɗi abin da bai dace ba. Ni na san abin da take nufi, domin shekarunsa na ƙarshe cikin ƙurar tsofaffin takardu ya yi su.

Inna, matarsa, tana ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Duk yinin abu ɗaya na ji ta ce, shi ne a duba ko an kai wa baƙi ruwa. Babban ɗansa kuwa, wanda muke kira Yaya Babba, yana bakin zaure yana miƙa hannu ga kowa, idonsa jawur, bai yarda ya zauna ba.

Akwai kuma waɗanda dangi ba su sani ba. Wata mata ta zo daga ƙauyukan bayan Izom ɗauke da doya a kafaɗa, ta sauke a tsakar gida, ta durƙusa ta yi kukan da mu 'yan gida ba mu yi ba. Wani ɗan kabilar Ibo mai gyaran kwamfuta ya tsaya a ƙofar gida ya rasa inda zai sa kansa, sai da aka kira ni. Ya cire hula ya ce, "Sori o, Madam. Baba mutum kirki ne. Allah ya jiƙan shi." Ya juya da sauri don kada in ga idonsa.

Yanzu an yi sadakar arba'in, an mayar da tabarmin masallaci, kowa ya koma harkarsa. Na san yadda garin nan yake tun da gwamnati ta tare a Abuja. Mutum ya tashi da asuba ya bi mota, ya dawo bayan magariba a gajiye, ba ya ma tuna abin da ya ci jiya. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani na Kawu, tun ban fara mantawa ba. Ni ma a gajiye nake, don haka a yi mini uzuri in labarin bai zo a jere ba.

Akawu ne. Ya yi aiki a kotun alƙali, ya yi a ofishin haraji, ya yi ritaya tun ina makarantar koyon buga tafireta. Doguwar riga fara yake sawa kullum, da alƙalami a soke a naɗin hularsa, ko masallaci za shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Ba ya gaisawa da baƙo ya ƙyale shi. Da an gama ina kwana sai ya ce, "Ɗan wane gida ne kai?" In an faɗa, ya ce, "To, ta wajen uwa fa?" Samari sukan canza hanya in sun hango shi a bakin zaure, domin gaisuwar minti ɗaya takan zama zaman hantsi guda. In muka yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ai mutum ba daga sama yake faɗowa ba. Wani ya goya shi."

Kuma har ya koma ga Allah bai saba da sunan Suleja ba, wanda aka sa wa garinmu da aka ba sabon birnin tarayya tsohon sunanmu. In ya ce Abuja, garinmu yake nufi. Wancan birnin da nake zuwa aiki kuwa "wajenku" yake ce masa. Wata rana na gyara masa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Aron sunan suka yi, Uwata. Ban ji an ce sun saya ba."

Maganar takardun da ƙosai ta fara. Wata safiya ya sayi ƙosai a bakin tasha, mai tuya ta ƙunshe masa a takarda. Yana buɗewa ya ga rubutun hannunsa, na wani rabon gado da ya rubuta tun yana saurayi, mai ya jiƙe rabin sunayen magada. Ya koma ya tambaye ta inda ta samo. Ta nuna masa wani tsohon sito da za a rushe a yi shaguna, inda aka watso takardu waje, masu ƙosai da masu tsire suna ta ɗiba. Ranar bai karya ba. Ya nemo masu kura suka yi ta jido masa buhuna har la'asar, ya cika ɗakin da Inna ke ajiye hatsi.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, dawar fa?"

Ya ce, "A kai ɗakina."

"Kai kuma ka kwana ina?"

"Kusa da dawar."

Abin da ke cikin buhunan ba shi da daɗin gani. Rajistar haraji ce ta unguwanni da ƙauyuka, da littattafan kotu na aure da saki da gado, da takardun iyakar gonaki. Wasu da ajami, wasu da boko irin na da. Ruwa ya manne wasu, ɓera ya yi sheƙa a wasu, gara kuwa ta ci wasu ta bar gefe kawai kamar ragar kamun kifi. Ya yi wata da watanni yana shanya su a tsakar gida yana danne su da duwatsu, yana korar awaki. Amma ya san shanya ba ta hana takarda mutuwa.

A lokacin mijina ya buɗe ɗan shago kusa da tasha, da kwamfuta ɗaya da ya sayo ta hannu da injin fotokwafi. Ni ina buga takardu a wata ma'aikata a Abuja, ranar Asabar kuma in taya shi zaman shago. Wata Asabar Kawu ya shigo yin fotokwafin takardar fanshonsa, ya tarar ina neman wani suna a cikin doguwar takardar wani ɗan kwangila. Na buga sunan, na danna, ya fito nan take.

Kawu ya matso ya ce, "Sake yi."

Na sake.

"Ko a tsakiya yake sai ta nemo shi?"

"Ko a ina yake, Kawu."

"Suna nawa take ɗauka?"

"Sai dai ka gaji."

Ya ja kujera ya zauna, ya manta da takardar fanshon a kan injin. Ya daɗe yana kallon gilashin kwamfutar, sannan ya ce, "Uwata, kina da aiki ranar Asabar mai zuwa?"

Da na san abin da ke bayan tambayar nan, wataƙila da na ce ina da shi.

Haka muka fara. Kowace Asabar, wani lokaci har da Lahadi, zai zo da ƙunshin takardu a jakar leda, da gilashin ƙara girman rubutu. Shi ya karanta, ni in buga: sunan mutum, sunan ubansa, unguwarsa ko ƙauyensa, sana'arsa, da takardar da aka samo shi. Maƙera, majema, masu ginin tukwane, fatake, manoman doya, mata masu neman gadon gona. Burinsa shi ne duk wanda ya zo neman kakansa a buga suna a nuna masa, kyauta, ba sai ya durƙusa wa kowa ba.

Hannuna ya saba da sauri, domin a ofis sauri ake so. Shi kuwa kowane suna sai ya tsaya a kansa, ya ce wannan gurgu ne amma ya fi kowa iya rawa, wancan shi ya haƙa rijiyar bayan kasuwa. In na ƙosa na fara buga ƙafa sai ya ce, "Rage gudu, Uwata. Mutanen nan ba inda za su je."

Ba zan ɓoye ba, aikin ya ci mu. Duk mako ina cikin motar Abuja, a matse, ga gosulo a Madalla, ga wahalar mai da ta sa wani lokaci sai mu yi tafiyar ƙasa daga inda mota ta tsaya. Ranar hutun da zan yi wanki in ga 'ya'yana ita ce nake yi a shago ina shaƙar ƙura. Wuta kuma ba ta da alƙawari. Sai muna tsakiyar shafi a ɗauke ta, gilashi ya yi baƙi, abin da ba a adana ba ya tafi. Kawu zai ajiye gilashinsa ya naɗe hannu, mu zauna muna jira cikin zafi, wani lokaci har la'asar, mu tashi ba mu ƙara ko suna ɗaya ba.

Mafi muni shi ne lokacin da kwamfutar ta mutu gaba ɗaya. Muna da 'yan faifan nan da ake kira fulofi da muke kwafe aiki a ciki, amma laimar damina ta lalata yawancinsu. Mai gyaran nan ya kwance ta ya ɗaura, ya kai wani abu Kaduna ya dawo, a ƙarshe ya ce, "Baba, no vex, yi haƙuri. Rabin aiki ya tafi." Aikin kusan shekara ne. Ni na kifa kai a tebur na yi kuka, kuma a raina na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da wahala.

Da na share hawaye sai Kawu ya buɗe jakar ledarsa ya ce, "To. Unguwar maƙera muka fara da ita, ko?"

Tun daga ranar ya sa doka: duk abin da aka buga sai an fitar da shi a takarda kafin a tashi, a kwafe a faifai biyu, ɗaya a shago ɗaya a cikin kwallar Inna. Mai gyaran kuma ya daina karɓar ladansa a wajenmu. Ya ce shi ma bai san sunan kakan babansa ba, yaƙin basasa ya cinye masu sani.

Kada in sa a ɗauka Kawu waliyyi ne. Yana da taurin kai, kuma in ya sa abu a gaba ba ya ganin na gefensa. Akwai daminar da ɗakin Inna ya yi ta yoyo, ya sayo leda mai faɗi, kowa ya ɗauka rufin za a gyara, sai ga shi ya lulluɓe buhuna da ita. Inna ta tara kwanuka a ƙasa tana tarar ruwa, ta kuma yi kwanaki tana aika masa tuwo ba man shanu.

Rigimarsa da Yaya Babba ita ce ba ta warke da sauƙi ba. Yaya yana harkar filaye, kuma a shekarun nan duk wanda zai iya nuna cewa kakansa ɗan wani ƙauye ne da aikin birni ya ci, yana iya samun rabo. Wata Asabar ya shigo shago da wani abokin harkarsa, mai babbar riga da ƙamshin turare. Bayan gaisuwa Yaya ya ce, "Baba, alfarma muka zo nema. Alhaji yana son a fitar masa da shafin ƙauyen nan, a sa sunan kakansa a ciki. Layi ɗaya ne kawai."

Kawu ya ce, "Kakan nasa yana cikin takardar?"

"Gara ta ci wurin, Baba. Wa zai ce ba ya ciki?"

"Ni."

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai kwamfuta ce. Abin da aka sa mata shi take faɗa."

"Shi ya sa nake zaune kusa da ita," in ji Kawu. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya. Amma sai ya juya ga Yaya, a gaban baƙo, a gabana, a gaban masu jiran fotokwafi, ya ce, "Kai kuma ban san ranar da ka fara sayar da kakanni ba. Nawa ka sa wa naka?"

Yaya ya ce, "Baba, ka san kakan kowa a garin nan. Ajin da 'ya'yana suke ka sani? Ɗakin Inna yana zuba ka sani? Matattu dai, matattu dai. Mu da muke da rai sai mun mutu za ka dube mu?"

Ya fita. Kawu ya ɗauki gilashinsa zai ci gaba da karatu, amma sai ya ajiye takardar. Ya ce, "Mu tashi, Uwata. Yau idona ba ya gani."

Kawu yana da gaskiya a kan layin nan, Yaya ma yana da tasa a kan sauran. Sun fi shekara gaisuwa kawai ke haɗa su. Ba wanda ya ba wani haƙuri da baki. Abin da na sani shi ne wata rana Kawu ya tare ni ya tambaye ni a asirce ajin kowane jikansa, ya rubuta a tafin hannu. Bayan nan kuma aka wayi gari an sauke kwanon rufi a ƙofar gida, direban ya ce Yaya ne ya aiko. Iyakar sulhun da suka iya ke nan, kuma ina jin abin da ya hana Yaya zama ranar rasuwa ke nan.

Matar da ta kawo doya kuwa, ga yadda aka yi. Ta zo shago wata rana tana tambayar tsohon da ke nemo wa mutane iyaye. Hausarta da karin harshen Gwari. Uwarta ta rasu tana jaririya, ubanta ya bi bayanta, wasu fatake suka riƙe ta. Ƙauyen da aka ce an haife ta an tashe shi tuntuni. Yanzu ana neman auren 'yarta, dangin mijin suna tambayar asali, ita kuwa ba ta da abin faɗa sai sunan uba guda ɗaya da sunan ƙauyen da babu shi.

Na buga sunan. Babu. Muka juya shi ta kowace fuska, yadda Bahaushen akawu zai iya rubuta sunan Gwari. Babu. Kawu ya koma gida ya zazzage buhunan da ba mu kai gare su ba, nan ma babu. Da ta dawo ya gaya mata gaskiya, bai yi mata kwana-kwana ba. Ta ce ba komai, ta gode, ta ɗaura gyalenta. Ta kai bakin ƙofa ya ce, "Dakata, 'yata. Takarda ce ba ta san shi ba. Ba mu tambayi mutane ba tukuna."

Kawu, mutumin da ƙafarsa ke kumbura in ya je masallacin Juma'a, shi ya shiga bin kasuwannin ƙauye. Ranar kasuwar Izom yana can, ranar ta Gawu yana can, a bayan a-kori-kura tare da buhunan masara, domin motar fasinja ta yi wuya saboda mai. Sai ya nemi inda tsofaffi ke zama, ya sayi goro, ya fara, "Ɗan wane gida ne kai?" Umma ta yi faɗa har ta gaji. Inna takan dafa ruwa da gishiri ta ajiye masa na gasa ƙafa.

Ana cikin haka wani tsohon maharbi ya ce ya san sunan, kuma ƙanwar mutumin tana nan da rai a wani ƙauye, ta makance. Kawu ya ɗauki matar ya kai ta da kansa. Bai ba mu labarin abin da ya faru a can ba, ban da cewa tsohuwar ta shafa fuskar matar tun daga goshi har haɓa, ta kira ta da wani suna da ba ta taɓa ji ba. Ya dawo ya yi mako a kwance. Da ya tashi ya zo shago ya sa na buɗe sabon shafi, ya ce in rubuta a samansa: daga bakin mutane, ba daga takarda ba. "Kada a gauraya su," in ji shi. "Amma kada a bar shi."

A shekarar da ta wuce yanar ido ta rufe masa gani. Gilashin ya daina amfani. Na gwada karanta takardun da kaina, bokon nakan lallaɓa, amma ajamin akawunan da ya fi ƙarfina, kowa da irin jan alƙalaminsa. Mun kai wajen rabin buhunan. Sauran suna nan a ɗakin hatsi, kuma ban san wanda zai karanta su ba. Wasu sun ce a kai jami'a, wasu sun ce a kai fada, kowa ya faɗi tasa a zaman makoki ya tafi. Abin da aka buga dai yana nan, mutane suna zuwa jefi-jefi, wani ya samu, wani ya koma hannu wofi. Nakan buɗe musu in ba ni da ciwon kai.

Da ya daina fita, sai na koma zuwa gida da takarda da biro, ya faɗa in rubuta, in na je shago in buga. Abin da ke kansa yake zazzagewa. Zuwana na kusa da ƙarshe na same shi a jingine da bango, ya rame, Inna tana bayan labule tana tsince shinkafa.

Ya ce, "Uwata, yau gidan nan za mu yi."

Ya fara daga kakansa, ya gangaro kan mahaifinsa da 'yan'uwansa, ina rubutawa. Da ya iso kan 'ya'yansa na riga shi, na rubuta Yaya Babba a farko. Ya ji motsin biro ya ce, "Me kika sa?"

Na faɗa masa.

"Sauke shi ƙasa. Akwai na gabansa."

Ban taɓa ji ba. Ashe kafin Yaya sun haifi wasu, duk suka koma tun suna hannu, a shekarun da ƙyanda ke shiga unguwa ta fita da yara. Ba a rubuta su a ko'ina ba. Shi da ya rubuta haihuwa da mutuwar rabin gari, bai sa nasa a takarda ba. Ya faɗi sunan ta biyu, mace, ya ce ta fara zama. Ya faɗi na uku, ya ce wannan dariya gare shi. Bayan labule na ji tsintar shinkafa ta tsaya.

Na ce, "Na farkon fa, Kawu?"

Ya kawar da kai. Mutanen zamaninsu ba sa kama sunan ɗan fari, ko yana raye balle ya mutu. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa Inna ke kiran sunan Yaya gatsau ba kunya.

Ya ce, "Bar wurin. Wannan na uwarsa ne. In ta ga dama."

Labule bai motsa ba. Na bar layin fari, haka na buga shi, da gurbi a sama. Na tambayi Umma daga baya, ta ce tana ƙarama a lokacin, ana riƙonta a Zariya, kafin labarin suna ya iso labarin rasuwa ya riga shi. Cikin masu rai ba wanda ya san sunan sai mutum biyu, kuma bayan 'yan makonni aka bar ɗaya.

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida Inna. Tana takaba, tana zaune a kan tabarma da carbi, ta ƙara ƙanƙancewa. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi hanya. Na tashi zan tafi ta ce, "Zauna."

Na zauna.

"Takardar nan ta gidan nan. Ya cike wurin?"

"Bai cike ba, Inna."

"Haka yake. Komai sai ya bar wa mutum aiki." Ta ja carbi kaɗan. "In na bi shi, shi ke nan ko? Kamar ba a yi yaron ba."



Ta dubi ƙofa ta tabbata ba kowa. Ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska kamar amarya, ta sunkuyo dab da kunnena, ta faɗi sunan. Sai ta sake faɗa, a fili wannan karon, a hankali, kamar mai kiran yaro ya shigo gida.

Ta ce, "Kin riƙe?"

"Na riƙe, Inna."

"To je ki sa, tun ba a ɗauke wuta ba."

Na je na sa. Ba zan rubuta shi a nan ba, yana can a saman 'yan'uwansa, ƙarƙashin sunan ubansa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu a ƙarshe. Allah ya sada shi da waɗanda suka riga shi, manya da ƙanana. Allah ya ba Inna haƙuri, mu kuma ya ba mu ƙarfin abin da ya rage. Amin.